Yatsan Basharu

Labarin ya iske Basharu a Gwandu yana tsakiyar aikin wuyan wata riga, allura a hannu, zaren tsamiya a baki.

Wani mai jaki ne da ya kawo busasshen kifi daga Kalgo ya tsaya a bakin rumfar maɗinka. Sai da ya gaisa, ya sha ruwa, ya yi ƙorafin hanya, sannan ya faɗa masa kamar mai faɗin tsadar gero: mai unguwarsu ya ba da sunansa. Nasara na yaƙi da Jamus a wata ƙasa can ƙetaren teku, sojansu sun yi ƙaranci, an ce kowace unguwa ta fitar da saurayi ɗaya mai lafiya. Unguwar masunta ta Kalgo ta fitar da Basharu. Ranar kasuwa ta sama za a tara su a kai su barikin Birnin Kebbi.

Basharu ya soke allurar a jikin rigar, ya ninke ta. Bai yi mamaki ba. Mai unguwa ba mugu ba ne, tsoron bakin uwa kawai yake yi. Duk gidan da ya duba akwai tsohuwar da za ta ɗaga hannu sama ta ambaci sunansa. Basharu ne kaɗai ba uwa ba uba, ba mata ba gona. Ubansa ruwa ya ci shi wurin kamun kifi tun Basharu yana ƙarami, uwarsa ta bi bayansa damina ta gaba. A ganin mai unguwa, ya sami wanda ba mai yi masa kuka.

Ya manta da Tasalla.

Gidan su Tasalla yana ƙarshen unguwar, inda malaman Filani suka zauna tun zamanin kakanni. Ana haɗa su da masunta a haraji da aikin gayya, amma ba a haɗa su a aure. Ubanta yana cikin waɗanda suka yi hijira gabas shekarar da Nasara suka zo. Ya ce da matarsa Inno zai aiko a ɗauke su in ya sami wurin zama. Abin da Tasalla ke iya tunawa da shi bai wuce bayan rawaninsa ba, yana fita daga zaure. Har yau ba aike ba labari. Alƙali ya daɗe da ba Inno izinin ta yi takaba ta yi aure, ta ƙi. Ta zauna ita da 'ya'yanta biyu, Ɗahiru da ƙanwarsa Tasalla, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba.

Waliyyin Tasalla shi ne wan ubanta, Malami, mai makaranta a Gwandu. Malami mutum ne da ba ya cewa a'a. Sai dai ya ce a bar shi ya yi istihara, kuma istiharar tasa ba ta ƙarewa. Damina biyu ya yi yana jan maganar auren Basharu da Tasalla, don a ransa ya riga ya ajiye yarinyar domin Jibrin, wani ɗalibinsa mai fataucin goro, ɗan asali, mai riguna. Inno ce ta tsaya kai da fata. Ta aika masa cewa ita ba ta duba asali ba, ba ta duba riga ba, abu ɗaya ta duba: mai ɗinki a zaune yake cin abincinsa, ba ya tafiya. 'Yarta ba za ta auri mai tafiya ba, ko da goron duniya yake ɗaukowa.

A kan haka Malami ya sakko, yana yatsina, ya ce in kaka ta yi za a sa rana. Ga shi kakar ta yi, har an fara yankan shinkafa.

Bayan la'asar Malami ya aiko a kira shi. Labari ya riga Basharu isa zauren.

Ya durƙusa daga bakin buzu ya gaishe shi. Malami ya amsa ba tare da ya ɗaga kai daga tasbihinsa ba.

"Na ji an ba da sunanka."

"An ba da shi, Allah shi gafarta Malam."

"To, mi kag gani?"

Basharu ya ce bai ga komai ba tukuna, kansa ne ya ɗaure. Ya ce ba shi ya nema ba, kuma Malam ya san wanda ya ƙi zuwa da ƙafarsa da igiya ake zuwa a ɗauke shi.

Malami ya ajiye tasbihin. Ya daɗe yana kallon ƙofar zauren kafin ya yi magana.

"Ƙanena ya bar gida, ya bar mata da ɗiya biyu, don kar shi kwana ƙarƙashin tutar mutanen ga. Ko kabarinai ban sani ba. Kai kau in ka sa jar hularsu ka ɗauki bindigarsu, da wane baki za ni ce na ba ka ɗiyatai?"

Muryarsa ta yi rawa a kan maganar kabarin, kuma ba da gangan ba ne. A yi masa adalci, yana son ƙanen nan nasa. Sai dai duk wanda ya dubi fuskarsa da kyau zai ga har da sauƙi a ciki, irin na mutumin da aka sauke wa kayan da bai so ɗauka ba tun farko.

"Ba fushi nika yi da kai ba, yaro. Amma ran da ka sa hular nan, ƙafarka ta bar zauren ga har abada."

"In na ƙi kuma hwa, Malam?"

"Wannan tsakaninka da Allah na. Ni dai na hwaɗi nawa."

Basharu ya tashi ya fito. A gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gida ya tarar da Jibrin, riga na ɗaukar ido, baki ja da goro. Da ma ba sa gaisuwa sai ta dole. Ranar kuwa Jibrin ne ya miƙo hannu, ya yi masa jaje har da dafa kafaɗa. Ya ce wallahi bai so ba, shi ba ya son ya sami mata don an kwashe abokin nemansa an kai teku, ba daɗi a ciki. Sannan ya rage murya ya ba shi labarin wani saurayi a Malisa da aka ba da sunansa bara, sai ga shi gatari ya zame masa wurin faskare. Da aka kai shi bariki, sajan ya duba hannunsa ya ce ya koma gida.

"Ba su ɗaukar wanda ba shi iya jan kunamar bindiga," in ji Jibrin.

Ya ɗaga yatsansa na nuni, na hannun dama, wanda ake ɗagawa a zaman tahiya, ya lanƙwasa shi a hankali ya ɓoye a tafin hannu. Ya ƙara da cewa wanzamai sun san aikin, amma a yi da wuri, don in suka ga ɗanyen ciwo za su gane, bulala ce da ɗauri.

Ko tausayi ne ya sa shi, ko wani abu daban, Allah kaɗai ya san abin da ke cikin Jibrin. Basharu dai ya yi masa godiya, ya dubi nasa yatsan. Kan yatsan ya yi kanta saboda allura. Da shi yake ci, da shi ya fita daga cikin kwalekwale ya zama mutumin da ake aiko wa riga daga Jega da Tambuwal.

Da asuba ya kama hanyar Kalgo.

Duk tsawon hanyar yana juya abin a ransa. Ya yi tunanin gudu. To, ina? Samarin da suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransawa ke mulki an ce can kamun ya fi tsanani, kuma mai gudu ba ya dawowa ya nemi aure. Ya yi tunanin tafiya sojan, kuma in za a faɗi gaskiya akwai wani ɓangare na zuciyarsa da ya ɗan motsa. Maraya ne da aka saba aikensa, bai taɓa sanin yadda ake ji ba a ce mutum ya doso mutane su ba shi hanya. Amma ya taɓa ganin wani da ya dawo daga yaƙin Kamaru a kasuwar Gwandu. An ba shi hanya kam, har ta yi yawa. Ya sayi fura ya zauna shi kaɗai ya sha, ba wanda ya ce masa sannu da zuwa.

Ɗahiru ne ya fara tarbarsa a Kalgo. Tare suka tashi, tare suka sha dukan malam ɗaya, kuma shi ne ya fara gane abin da ke tsakanin abokinsa da ƙanwarsa ya yi kamar bai gani ba. Shi ke noma wa Inno fadama, shi ke gyara danga, shi ne namijin gidan tun bai isa ba. Ya rungume Basharu. Da rana ta yi sanyi ya fito da Tasalla zuwa gindin ɗorawar bayan gidansu, shi kuma ya koma can gefe yana wasa laujensa, ya ba su baya.

Ta rame. Idanunta sun kumbura, ko kwalli ba ta sa ba. Da ma ba ta kiran sunansa, Mai Allura take ce masa, tana dariya. Ranar ta faɗa ba dariya.

"Mai Allura, ka zo?"

"Na zo."

"Baffa mi yac ce?"

Ya faɗa mata duka, bai rage ba. Ta saurara tana murza bakin mayafinta, hawaye na zuba ba ta share ba. Da ya kai kan maganar Jibrin sai ya yi shiru, don bai yi niyyar faɗa ba. Ita ta matsa masa. Da ya faɗa, ta ɗago kai ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"A cire shi."

"Tasalla, kin san ko wane yatsa na?"

"Na sani."

"Da shi nika riƙe allura. In an cire shi na tashi daga maɗinki. Mi za ni ciyar da ke da shi? Innarki don ɗinkin ga tab ba ni ke."

"Don zama tab ba ka ni, ba don ɗinki ba. Ka yi noma, ka yi su, ka yi dako. Ni ina kaɗi, ina dama fura. In loma guda munka samu mu raba. Ni dai in na ɗaga kai in gan ka."

Ya ce mata mutane za su sani, Kalgo ba ta da girman da za a ɓoye yatsa a cikinta. Za a riƙa nuna shi ana cewa ga wanda ya ji tsoro. Ta ce su nuna, ai sai mai rai ake nunawa. Ya ce kuma yatsan shahada ne, yana jin nauyin ya tsaya gaban Ubangiji ya ce da hannunsa ya ba da shi. 'Yar malamai ce, ta san maganar ba ta wasa ba ce. Kuka ya ci ƙarfinta, ta durƙusa a ƙasa ta rufe fuska.

Da ta sami numfashi ta ce, "Ban san hukuncinai ba, ba ni yi maka ƙarya. In zunubi na, a rubuta mani rabi. Amma ka ji abin da nis sani. Tun ina ƙarama, duk sallamar da anka yi ƙofar gidanmu, Inno sai ta ajiye abin da ke hannunta ta kasa kunne. Har yau. Ko mai tallan gishiri na, sai ta saurara. Tuwo takan zuba da saura, wai ko baƙo ya zo. Mun san ko wane baƙo na, ba mai cewa komi. Ni ba ni iya wanga zama. Wallahi ba ni iyawa. In ka tahi, ko dai su ba Jibrin ni ina kallo, ko in zama Inno ta biyu."

Basharu ya ji zuciyarsa ta karye. Yana sonta, son da bai taɓa yi wa kowa ba, don bai taɓa samun wanda zai yi wa ba. Tun mutuwar uwarsa ba wanda ya taɓa cewa yana so ya ɗaga kai ya gan shi.

"Tashi," ya ce. "Bar kuka. Gobe da hantsi ina zuwa wurin Abu Wanzami."

Ta ɗago da sauri tana duban fuskarsa ko da gaske yake. Da ta tabbata, sai ta yi wata dariya da kuka a haɗe, ta ce to daga gobe sai ta nemo masa wani suna.

Da aka faɗa wa Ɗahiru, ya jinjina kai, ya ce namiji ke nan. Ya ce shi zai zo ya riƙe masa hannu, don ya san Basharu, ko ƙaya aka cire masa sai an danne shi. Suka yi dariya su uku, dariyar da ba ta kai ciki ba, suka rabu kafin magariba.

Washegari da hantsi Basharu yana zaune a bayan gidan Abu Wanzami, inda ba mai leƙowa. Abu tsoho ne mai ƙarancin magana. Shi ya yi masa kaciya, shi ya yi wa ubansa ƙaho. Ya ajiye guntun icce a tsakar wurin, ya ɗora man kaɗe a wuta don tsayar da jini, ya zauna yana wasa aska a kan fata. Ya tambaye shi sau ɗaya ko ya yi shawara da zuciyarsa. Basharu ya ce ya yi. Abu bai sake tambaya ba.

Suna jiran Ɗahiru. Rana ta ɗaga, man ya narke har ya fara ƙauri, Ɗahiru bai zo ba.

Sai suka ji sallamar mace.

Basharu ya gane muryar, ya zabura zai miƙe ya bar wurin, don tun da aka fara maganar aurensa da Tasalla, shi da Inno ba su ƙara haɗa hanya ba. In ta hango shi takan ja mayafi ta ratse, shi ma ya ratse. Haka ake yi tsakanin suruki da suruka, balle a gidan Filani.

"Zamna," in ji ta.

Ta roƙi Abu ya ba su wuri. Tsohon ya dube ta, ya dubi saurayin, ya sauke man daga wuta ya shige gida.

Inno ta zauna a ƙasa, gaba da gaba da shi. Ta sauke mayafinta daga fuska. Bai taɓa ganin tsufanta kusa haka ba.

"Basharu," ta ce.

Suruka ba ta buɗe fuska gaban mijin 'yarta, ba ta kama sunansa. Tun kafin ta ƙara kalma ya san ba a matsayin suruka ta zo ba.

Ta yi maganar a hankali, idonta a kan guntun iccen. Jiya bayan ya rabu da su Tasalla, matar mai unguwa ta shigo gidan kamar ta zo aron rariya. Ta ja ta gefe ta gaya mata abin da mijinta ya kasa zuwa ya faɗa. Maganar yatsan ta riga ta isa gidansu. Nasara ba Basharu suke nema ba, mutum ɗaya suke nema. In aka mayar da shi saboda hannu, dole unguwa ta cike gurbi a ranar. Samarin unguwar kuwa wasu sun yi aure da gaggawa, wasu sun shige daji. Mai lafiya, marar mata, saura ɗaya.

"Wane na?" in ji Basharu, alhali ya riga ya sani.

"Wancan. Abokinka."

Ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba, ɗan fari ne. Ko gaban mutane ba ta nuna ta san da shi. In ya yi zazzaɓi maƙwabta take aikawa su duba shi. Leɓɓanta suka yi ta rawa, kamar mai ƙoƙarin ɗaga abin da ya fi ƙarfinta.

"Ɗahiru," ta ce. Sai hawaye.

Basharu ya sunkuyar da kai. Ya tuna Jibrin a gindin bedi yana lanƙwasa yatsa, ya tuna cewa Jibrin na sauka gidan mai unguwa duk zuwansa Kalgo, da wuya a ce bai san wanda zai cike gurbin ba. Bai tsaya a kan tunanin ba, don ko ya tsaya ba abin da zai canza.

Ya tambaya ko Ɗahiru ya sani. Ta ce bai sani ba. Tun da sassafe ta tura shi fadama, ta ce masa an ɗaga aikin wanzami sai jibi. In ya ji, ta san ɗanta, da ƙafarsa zai je ya ba da kansa kafin azahar, ba mai iya riƙe shi.

"Ban zo in umurce ka ba," ta ce. "Ba ni da wanga iko. Ni nit tsaya maka gaban Malami, kuma ban yi da-na-sani ba. Kai ma ɗan wata na, da tana da rai da ita ad durƙushe nan tana roƙo nai kar ka tahi. Na san abin da nika roƙo ba adalci ba na. Amma na jira guda, Basharu. Ba ni iya jiran na biyu."

Basharu ya dubi yatsansa. Yana jin kukan kaji a cikin gida, da dakan wata mata can nesa. Jiya ya ɗauka abin da za a karɓa daga gare shi yatsa ne, har ya kwana yana ban kwana da shi. Ya yi tunanin ya rufe ido ya kira Abu. Ba wanda zai ce ya yi laifi, shi aka fara zalunta. Ya hango kansa ango a gidan, yana cin shinkafar da Ɗahiru ya shuka, Inno na kasa kunne ga sallama, Tasalla na kallon hannunsa kullum tana tuna abin da aka saya da shi. Ya san ba za ta taɓa faɗa ba. Ya kuma san ba za ta taɓa mantawa ba.

"Inno, in na tahi, a ɗaura auren kahin in tashi. Ko Malam bai so, ke ki yi mai magana. In Allah ya maido ni..."

Ta girgiza kai tun bai ƙarasa ba.

"A'a. Ko Malami ya yarda ni ban yarda ba. Na san abin da igiyar wanda ba shi nan ka yi ma mace. Ba ni ɗaura ma ɗiyata ita da hannuna. In ka tahi, ka tahi ba ka bar kowa da jira ba."

Wato duka biyu ta zo karɓa. Ya so ya ji haushinta, ya nema bai samu ba. Mace ce da aka ƙwace wa rabin rayuwa, ta zo tana kare ragowar da abin da take da shi, kuma ba ta da komai sai kunyarta, ita ce ta shimfiɗa a gabansa.

Ya share fuskarsa da hannun riga.

"Shi ke nan, Inno. Ki tashi, bai kamata ki zamna ƙasa gabana ba. Yau za ni gidan mai unguwa in ce ina nan. Ba ni jiran ranar kasuwa, kar Ɗahiru shi ji."

Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na girgiza. Ta fara sa masa albarka, maganar na sarƙewa.

"Abu guda nika roƙo," ya ce. "Kar Tasalla ta san dalili. In ta ji, za ta raba zuciyarta biyu tsakanina da wanta, ta yi ta ganin laihin kanta. Ki ce mata aska nig gani tsoro ya kama ni. Ki ce na zaɓi yatsana. Gara ta ji haushina, shi ya fi saurin warkewa."

Inno ta sauke hannunta. Ta dube shi da jajayen idanu.

"Basharu," ta ce, "ita ta aiko ni."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Tana bayan ɗaki sa'ad da matar ta yi magana, ta ji komi. Ni ban yi niyyar zuwa ba, na ce abin da Allah ya rubuta shi za a yi. Ita tat tashe ni da asuba tac ce in zo in tsai da kai. Tac ce ita bakin da ya roƙe ka jiya ba shi iya roƙonka wanga. Tac ce ka yahe ta."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya sake gyaɗawa. Abin da ta yi shi ne daidai, shi ma abin da ya zaɓa ke nan, kuma da ta zaɓi wani abu daban da ba ita ce Tasallar da yake so ba. Duk ya san wannan. Amma bai hana shi jin kamar an zare masa wani abu daga ƙirji ba, don har zuwa wannan lokacin yana tafe ne da tunanin akwai mutum ɗaya a duniya da zai ce kar ya tafi.

Inno ta miƙe da ƙyar, ta ja mayafinta, ta fita ba ta waiwaya ba.

Can Abu Wanzami ya leƙo, aska a hannu. Ya ga saurayin zaune inda ya bar shi. Ya tambaya ko a mai da man a wuta, ko za a ƙara jiran mai riƙewa.

Basharu ya ture guntun iccen gefe. Ya cire hularsa ya ajiye a kan gwiwa, ya matso kan tabarma ya sunkuyar da kai.

"Bar man, Baba. Aske mani kai. An ce can bariki ba su son suma."

Tsohon ya tsaya yana dubansa. Sannan ya jawo ƙwaryar ruwa, ya jiƙa hannu, ya fara shafa masa a ka. Ruwan na gangarowa ta goshi zuwa fuska, Abu bai ce ya share ba.